Me Za Su Zuba A Ƙasarmu? Jawabin Sakataren Tsare-tsare Ga Jama'ar Batsari Da Safana

 

Na san abin da kuke jira in faɗa. Kuna jira in yi maganar taki, da hanya, da tsaro, da asibiti. Duk waɗannan suna cikin manufofin jam'iyyarmu, waɗanda suka fi ni iya baki sun kuwa yi bayaninsu. Ni an ba ni wata magana ce dabam, wadda ba a saba jin ta a dandalin siyasa ba. Ga ta a taƙaice: duk wanda zai haƙa ƙasarmu don neman arziki, ko mai ne, ko gas, ko zinariya, lalle ne doka ta tilasta masa ya faɗa mana sunan kowane sinadari da zai zuba a cikinta, tun kafin ya zuba, da harshen da muke ji.

Wani zai ce, "Haba Malam, mutanen da suka yi shekaru ba su runtsa ba saboda 'yan bindiga, mutanen da suka ga abin da aka yi a Tsauwa da Dankar a 2020, su ne za ka tara kana yi musu karatun sinadari?" Wannan tambaya ce ta gaskiya, ba kuwa zan kauce mata ba. Ku ba ni aron kunnuwanku, za mu zo kanta.

Kafin in shiga aikin jam'iyya, alli nake riƙewa. Wata rana ina cikin aji sai na ga yara sun taru a kan tebur guda suna ta dariya. Da na matsa, sai na iske wani ɗan ruwa fari mai ƙyalli kamar azurfa, suna tura shi da yatsa, yana rarrabuwa yana sake haɗewa. Zaiba ce. Yayan ɗayansu ne ya dawo daga wurin haƙar zinariya da ita cikin 'yar kwalba, ba takarda a jikinta, ba gargaɗi, ba kome. Da ita suke kama ƙurar zinariya, sa'an nan su ƙona a wuta, zaibar ta tashi ta bar zinariyar. Hayaƙin nan kuwa shi ne ke taɓa ƙwaƙwalwa da jijiya da ƙoda. Na kira saurayin na tambaye shi ko wanda ya sayar masa ya gaya masa haka. Ya ce wallahi abin da aka gaya masa kawai shi ne kuɗinta. Tun ran nan wannan magana ba ta fita raina ba.

To, bari mu tsallaka dajin Rugu mu leƙa Zamfara, maƙwabciyarmu. A farkon shekarar 2010, lokacin ina ɗan makaranta, yara ƙanana suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro zai kama amai, ya yi ta jijjiga, ya sanƙare, kwana kaɗan a kai shi makwanci. Waɗansu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, waɗansu suka ce sanƙarau, waɗansu suka ce iska. Tun kafin haka an lura agwagi suna ƙarewa a garuruwan, ba wanda ya kawo kome a ransa. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka ga maganin zazzaɓi ba ya ci, suka aika da jinin yaran waje aka auna, kana aka gane gubar dalma ce. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu, a 'Yargalma, da Dareta, da Abare, da Sunke, da Tungar Daji, da Bagega, da sauransu.

Ku lura da yadda abin ya faru, domin nan darasin yake. Ba wani ne ya zo ya zuba musu dalma ba. Dalmar tana cikin dutsen da suke fasawa don neman zinariya. Maza su haƙo dutse su kawo gida, a daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, a shanya a tsakar gida inda jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. Da aka auna ƙasar waɗansu wurare, an sami dalma ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin da Amurka ke aiki da shi a lokacin ga wurin wasan yara 400 ne. Iyayen nan ba mugaye ba ne, ba kuwa wawaye ba. Abinci suke nema wa 'ya'yansu. Abu guda suka rasa, watau wanda zai auna dutsen ya ce musu, "Kada ku kai wannan cikin gida." Maganar da ba ta fi numfashi ɗaya ba.

Bayan an gane ma, Bagega sai da ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasa, ga shi kuwa ba a iya yi wa yaro magani a mayar da shi cikin ƙurar da ta sa masa ciwon. A 2015 irin wannan ta sake aukuwa a Shikira, cikin ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka tafi. Shekara biyar bayan Zamfara, jama'a! Ta arewa da mu kuma, a ƙasar Dan Isa ta Jihar Maraɗi, ramin zinariya ya rufta a Garin Liman cikin watan Nuwamba na 2021, ya kashe aƙalla mutum 18. Haƙa ta kewaye mu gabas da yamma, kudu da arewa, samarinmu kuwa suna cikinta.

Yanzu ku zo in kai ku nesa, ku ga yadda masu kuɗi da ilmi suka yi ta dambe a kan wannan magana, don kada wani ya ce muku ƙauyanci ne tambayar abin da za a zuba muku a ruwa.

A Amurka akwai wata dabarar haƙar mai da gas da suke kira firakin, watau fasa dutsen ƙarƙashin ƙasa da ƙarfin ruwa. Akwai wani irin dutse mai riƙe mai a cikinsa kamar yadda ƙwayar gyaɗa ke riƙe nata, ba ya sakinsa sai an matsa. Sai su haƙa rijiya mai zurfin mil ɗaya ko biyu, su karya kan bututun ya bi dutsen a kwance, sa'an nan su tura ruwa da ƙarfin gaske har dutsen ya tsattsage. Cikin ruwan akwai rairayi, wanda zai shiga tsagar ya tokare ta don kada ta rufe, mai da gas su sami hanyar fita. Da wannan dabara Amurka ta zama ta ɗaya a duniya wajen fid da ɗanyen mai a 2018. Ban raina dabarar ba, aikin masu ilmi ne.

Amma ba ruwa da rairayi kaɗai ake turawa ba. Akwai sinadarai: mai cin dutse, mai sa ruwa santsi, mai kashe ƙwayoyin cuta, mai hana bututu tsatsa, mai kaurara ruwa don ya ɗauki rairayi. Kamfanoni suka ce ai ɗan kaɗan ne, wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari. To, tsohon malami ba ya jin lissafi ya wuce. Mu ɗauka rijiya guda ta sha lita miliyan 15 na ruwa, wanda ba abin mamaki ba ne a wannan aiki. Rabin kashi ɗaya cikin ɗari na wannan, lita 75,000 ke nan. In ka zuba a duro mai cin lita 200, duro 375 ne. A rijiya ɗaya tak. Wannan shi ne "ɗan kaɗan". Kuma wani sashe na ruwan yana dawowa sama, ya yi gishiri fiye da na teku, ɗauke da abin da ya kwaso a can ƙasa, tilas a nema masa wurin zubarwa.

Da manoma da makiyaya na can suka soma tambayar mene ne a cikin duron, sai aka ce musu sirrin sana'a ne. A 2005 majalisarsu ta yi dokar makamashi wadda ta tsame wannan aiki daga ƙarƙashin wani babban sashe na dokar kare ruwan sha. Mataimakin shugaban ƙasa a lokacin, Dick Cheney, tsohon shugaban kamfanin Halliburton ne, ɗaya daga manyan masu wannan sana'a, har mutane suka laƙaba wa wannan kafa sunan kamfanin. Kun ga ashe ba a nan kaɗai ake dafa doka a ɗaki ba.

A 2008, a garin Durango na Jihar Kolorado, aka kawo wani ma'aikaci asibiti tufafinsa sun jiƙe da ruwan nan. Ma'aikaciyar jinya da ta karɓe shi ta shaƙi warin, bayan 'yan kwanaki ta kwanta rai a hannun Allah, hanta da huhu da zuciya duk suna neman tsayawa. Likitanta ya nemi cikakken bayanin abin da ke cikin ruwan, aka ce sirrin sana'a ne. Allah ya yi da sauran kwananta, ta tashi. A Jihar Fensilbaniya kuwa, dokar 2012 ta ce a gaya wa likita, amma sai ya yarda zai riƙe sirrin. Sai 2016 babbar kotun jihar ta soke wannan sashe.

Jama'a ba su yi shiru ba. Jihar Wayomin ce ta fara tilasta bayyana sinadaran a 2010, Tekzas ta yi tata doka a 2011. A wannan shekara ta 2011 aka buɗe rajistar FracFocus a intanet, inda ake rubuta abin da aka zuba a kowace rijiya. A shekarar dai 'yan wani kwamitin majalisar wakilansu suka fitar da rahoto kan abin da kamfanoni 14 suka yi aiki da shi daga 2005 zuwa 2009. Aka sami kayayyaki fiye da 2,500 masu ɗauke da sinadarai wajen 750. Waɗansu ba su da wata illa, kamar gishiri, har da garin kofi da ɓawon gyaɗar Turawa. Amma 29 daga ciki, ko dai an san suna iya jawo ciwon daji, ko kuwa doka ta riga ta sa su cikin masu haɗari ga ruwa da iska, irin su benzin da dalma. Dalma dai, wadda muka baro a Bagega. Abin da ya fi ba ni tsoro a rahoton nan shi ne, waɗansu kamfanonin su kansu sun kasa faɗin abin da ke cikin kayan da suka tura ƙasa, don su ma saye suka yi, mai sayarwa ya ce sirri ne.

Duk da rajistar, ƙofar sirri ba ta rufe ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta bincika takardun a 2015, ta iske fiye da kashi 70 cikin ɗari nasu an ɓoye aƙalla sinadari guda. Sai a 2022 Kolorado ta yi dokar da ta ce a kawo sunayen duka, abin da za a iya ɓoyewa kawai shi ne yadda aka haɗa su. Faransa ita ba ta tsaya ciniki ba, ta hana aikin ɗungum tun 2011.

Hanyar Kolorado ita ce hankali, kowace mai ƙosai ta san da haka. Ba wanda zai tilasta wa mai tsire ya koya maka yadda yake haɗa yajinsa. Amma in ka tambaye shi naman mene ne wannan, ya ce sirri ne, za ka ci?

Kada in bar ku da ruɗani. Ba a yin firakin a Batsari, ba a yi a Safana, ban kuwa zo in tsorata ku da abin da babu ba. Ƙasarmu tsohon dutse ce, duwatsun da ke kewaye da mu shaida ne, irinta ma'adini ake nema a ciki. Amma neman mai ya iso Arewa. A 2019 kamfanin NNPC ya ba da sanarwar samun mai a Kolmani, kan iyakar Bauci da Gwambe, shugaba Muhammadu Buhari ya je ya ƙaddamar da aikin a watan Nuwamba na 2022. Dokar man fetur ta 2021 ta ware kuɗi musamman don bincike a sababbin wurare, cikinsu har da kwarin Sakkwato da na Cadi da na Bida. A Nijar an fara tace man Agadem a matatar Damagaram tun 2011. Ko rijiyar mai ta gargajiya ba a haƙa ta sai da taɓo mai haɗe da sinadarai. Wakilin da za ku zaɓa daga Batsari da Safana da Ɗanmusa, dokar da zai ɗaga wa hannu ba ta garinsu kaɗai ba ce, za ta hau kan mai haƙar mai a Alƙaleri, ta hau kan mai wanke zinariya a bakin rafinmu.

Me ya sa na ce wakilin tarayya? Domin tsarin mulkin 1999 ya ce duk ma'adini da mai da gas da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne. Gonarka taka ce, abin da ke ƙarƙashinta ba naka ba ne. Lasin haƙa daga Abuja yake fitowa. Mai unguwa ba shi da ta cewa, dagaci haka, ko shugaban ƙaramar hukuma sau da yawa sai dai ya ga motoci. Bakinmu a wannan sha'ani shi ne mutumin da muka aika majalisa. In mun aika wanda ya sayi ƙuri'armu da taliya da sabulu, ai ya riga ya biya mu, ba ya bin mu bashin kome, mu ma ba ma bin sa.

Ba wai babu dokoki ba. Akwai, kusan kowace kuwa sai da aka sha wuya kana aka yi ta. A 1988 aka gano dubban ganguna na guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a Koko, cikin tsohuwar Jihar Bendel, a filin wani dattijo da ake ba shi dala 100 a wata, bai san abin da yake gadi ba. Ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Italiya ne suka tona wa jaridu. Daga nan gwamnatin Janar Babangida ta yi dokar hana shigo da guba, ta kafa hukumar kare muhalli. A 1992 aka yi dokar da ta ce a auna illar kowane babban aiki kafin a fara, a kuma baje rahoton jama'a su duba. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce mai lasin haƙa ya ƙulla yarjejeniya da mutanen wurin. Dokar 'yancin samun bayani ta 2011 ta ba kowannenku ikon rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi takarda, a amsa masa cikin kwana 7. A 2018 Nijeriya ta tabbatar da shigarta yarjejeniyar Minamata ta rage aiki da zaiba.

To ina gizo ke saƙa? Rahoton nan da ake bajewa, littafi ne mai kauri da Turancin injiniyoyi, a kan tebur cikin ofis. Wa zai taso daga Runka ko Ruma ko Wagini ko Zakka ya je ya karanta shi? Ni da na yi karatun koyarwa, sai na ajiye ƙamus a gefe. Ita ma dokar samun bayani tana da tata ƙofar sirrin sana'a. Shi kuwa ɗan haƙa mai diga da shebur, da mai sayar masa da zaiba a leda, ba takardar da ta taɓa isa wurinsu. Mutanen Ogoni sun yi shekaru suna shan ruwan rijiyoyinsu, sai a 2011 binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a Nisisioken Ogale benzin da ke cikin ruwan ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. Suna da dokoki a lokacin, kamar yadda muke da su yanzu.

Saboda haka ga abin da ɗan takararmu ya ɗauki alkawarin kai wa majalisa, na kuwa sa shi ya maimaita a gaban dattawa don ya zama akwai shaidu. Kafin a dasa inji a ƙasar kowane gari, mai lasin zai kawo jerin sunayen duk sinadaran da zai yi aiki da su, da yawansu, da illarsu ga mutum da dabba, da inda zai zubar da ruwan da ya gama aiki da shi. A rubuta da Hausar boko da ajami, a manna a ƙofar hakimi da dagaci da asibiti, a karanta a rediyo, a yi shela ran kasuwa. Yadda ya haɗa kayansa ya riƙe abinsa, suna dai ba a ɓoyewa. Ga likita kuwa babu sirri ko kaɗan, dare ko rana.

Na biyu, wanda ni a ganina ya fi duka muhimmanci: a auna ruwan rijiyoyi da burtsatse da tafkuna na wurin tun kafin a fara aiki, a auna dutsen da za a fasa, a ba gari kwafin sakamakon ya ajiye. Dalili kuwa, ran da ruwa ya ɓaci, abin da kamfani zai fara cewa shi ne da ma haka yake. In ba ku da takardar jiya, da me za ku yi shari'a? Kun san ruwanmu ba shi da yawa. A irin ƙasarmu yana kwance ne cikin tsagar dutse da ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, shi ya sa ake haƙa burtsatse a tashi a tutar babu. Garin da rijiyarsa ɗaya ta lalace, mata da yara ne za su biya da ƙafafunsu, shanu kuma ba su karanta gargaɗi. Sa'an nan mai lasin ya ajiye kuɗin gyara a hannun hukuma tun farko, don kada a maimaita jiran Bagega. Su kuma samarinmu masu diga, ba kora za a yi musu ba. A yi musu rajista, a keɓe wurin niƙa nesa da gidaje, a sa jami'in lafiya ya riƙa kewayawa da na'urar awo.

Abokan hamayya za su ce muna korar masu zuba jari. Tekzas ta yi dokar bayyanawa a 2011, har yanzu ita ce kan gaba a mai cikin jihohin Amurka. Wanda zai gudu don an ce ya faɗi abin da ke cikin duronsa, Allah raka taki gona.

Na yi alkawarin dawowa kan tsaro. A watan Afrilu na 2019 gwamnatin tarayya da kanta ta dakatar da haƙar ma'adini a Zamfara, ta ce akwai alaƙa tsakaninta da ta'asar 'yan bindiga, ba ta ɗage hanin ba sai Disamba ta 2024. Ramin da ba a san mai shi ba, ba a san abin da ake shiga da shi ba, ba a san abin da ake fita da shi ba, shi ne inda ɓarna ke samun wurin kwana. Takardar da za ta faɗa mana sunan sinadari, ita ce za ta faɗa mana sunan mai lasin, da iyakar filinsa, da wanda ya sa masa hannu. Wannan kaɗai ba zai kawo zaman lafiya ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma yana toshe kafa guda, mu kuwa mun ga abin da ke shigowa ta kowace kafa da aka bari.

Ga aikin da na bar muku. Duk ɗan takarar da ya zo ƙofarku, namu ko na wasu, bayan ya gama alkawarin taki, ku tambaye shi: in an zo haƙa a ƙasarmu, za ka tsaya a faɗa mana abin da za a zuba, a auna mana ruwa tun da fari? Ku sa ya amsa a gaban jama'a, ɗan makaranta ya rubuta amsar da kwanan wata. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba wannan takarda, musamman iyayenmu mata, don a tsakar gidansu ake daka. In kuwa akwai kwalbar zaiba ko buhun dutsen zinariya a gidanku yau, kada ku jira zaɓe, ku fitar da shi daga inda yara suke tun kafin magariba.

Ran zaɓe kowa ya fito da katinsa da sassafe, ya jefa wa jam'iyyarmu ƙuri'a, ya tsaya har a ƙirga a gabansa. Allah ya kai mu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.